Tanimu Maƙeri da Jar Motar da Italiyawa Suka Bari

Duk wanda ya saba bi ta bayan kasuwar kifi a Yelwa da hantsi ya san wannan ƙarar: guduma a kan ƙarfe, a hankali, ba gaggawa, kamar dakan matar da ba ta jiran baƙi. Tanimu Maƙeri ke nan a rumfarsa. In ya dawo masallaci yakan share rumfar da kansa, ya yayyafa ruwa, ya jera gudumominsa a kan buhu daga babba zuwa ƙarama, ya sha kunun da matarsa Mairo ta aiko, sannan ya ɗaga kai ya dubi mai jira. Kullum kuwa akwai mai jira. Wani da farfelar jirgin da ta daki dutse, wani da motar albasa da ta sha karo a hanyar Kontagora, wata da injin niƙan da ya ƙi tashi. Daga safe zuwa azahar lokacin mutane ne. Bayan la'asar ba na kowa ba ne. A lokacin ne yake yaye tamfol ɗin da ke ƙuryar rumfa, ya zauna gaban jar motar nan da garin nan ya yi shekara da shekaru yana yi masa dariya a kanta.

Bana ya ajiye guduma, domin hannunsa na dama ya daina yi masa biyayya. Ba a tara taro ba, ba a yanka ko zakara ba. Abin da aka fi ji a bakin mutane shi ne, "To yanzu wa zai gyara mana farfela?" Godiyar Yelwa ke nan. Mutum ya ƙarar da ƙarfinsa a kan ɓarnarmu, ran da ya gaji kuma ɓarnar muke wa kuka, ba shi ba. Tun da haka ne, a ji labarinsa yanzu yana da rai, kada a jira sai an shimfiɗa tabarmar zaman makoki kowa ya zo da yabon da ya ɓoye.

Ba a Yelwa aka haife shi ba. Garinsu Tungar Maƙera ce, a bakin kogi kusa da Wara. Yau in ka tambayi masunta inda take, sai su nuna maka tsakiyar ruwa da filafili. Ubansa garma da lauje da ƙugiyar kifi yake ƙerawa, shi ma da su ya buɗe ido. Shekarar samun 'yancin kai ta same shi magidanci, ya fara taɓa liƙin motocin da ke zuwa ɗaukar albasa. Da aka fara aikin madatsar ruwa ta Kainji maza suka yi ta kwarara can neman lebura. Shi da aka ga hannunsa ya san ƙarfe, sai aka tura shi garejin ma'aikata.

Shugaban garejin wani Ba'italiye ne, Aldo, gajere, mai faɗa, wanda Hausarsa ba ta wuce "kawo" da "bari" da "ba kyau" ba. Tanimu kuma ko gaisuwa bai iya da yarensu ba. Haka suka yi shekaru suna aiki tare da nuni da harara, kuma sun fi wasu masu yare ɗaya fahimtar juna.

Motar ta wani matashin injiniya ce cikin Italiyawan da ke aikin madatsar, wanda ya sa aka kawo masa ita ta jirgin ruwa tun daga ƙasarsu. Ja ce wur, tsayinta bai kai ƙugun mutum ba, ƙafafunta da wayoyi kamar na keke, bakinta a buɗe da haƙoran ƙarfe. Leburorin da suka fito daga bakin kogi suna ganinta suka sa mata suna Tsage, don baki da gudu irin na kifin nan. Wata rana mai ita ya zo kauce wa shanu ya kai wa kwalbati karo. Shi ya fita da karyewar hannu. Motar kuwa murfin injinta da kafaɗarta ta hagu, wato ƙarfen da ke lulluɓe ƙafar gaba, suka cukurkuɗe kamar ganyen da aka murje. Aka jawo ta bayan gareji aka yar.

Tanimu ya ce bai taɓa ganin namiji ya dubi ƙarfe da irin idon da Aldo ya dubi motar nan ba. Aldo ya kira shi da hannu, ya ɓantare wani gefen da ya yage, ya nuna masa ciki. Sai ga ƙananan bututu sirara an harhaɗa su da walda, kamar yadda ake saƙa gurar kifi. A kansu aka lulluɓa fatar motar, ta sanholo, farin ƙarfen nan marar nauyi. Aldo ya kama yatsun Tanimu ya goga su a cikin fatar. Waje sumul, amma ciki duk sawun guduma ne, ɗaya kusa da ɗaya. Ya bugi ƙirjinsa, ya kwaikwayi bugu, ya nuna tsayin saurayi. Tanimu ya gane: irin aikin da mutumin nan ya taso yana yi ke nan a garinsu.

Kafin ranar, Tanimu ya ɗauka duk motar Turawa inji ne ke tofo ta kamar kwanon sha. Ashe wannan maƙeri ne ya yi ta. Wani mutum mai gumi da ciwon baya ne ya zauna a wata rumfa can bayan teku ya buga ta da hannu. Aldo ya zana masa a ƙasa yadda abin ke tafiya: mai zane ya fara fitar da siffa a takarda, masassaƙi ya fitar da ita a itace, mai walda ya haɗa ƙashi, sannan maƙeri ya yi ta bugun falle yana gwadawa a kan itacen har ya kwanta. Ya kuma nuna masa yadda ake tausasa sanholo in ya yi tauri da bugu: a goga masa sabulu, a bi shi da wuta, da sabulun ya yi baƙi a janye.

Shekarar da tafki ya cika, Italiyawa suka fara ɗaure kaya. Injiniyan bai ko waiwayi gawar motarsa ba. Aldo ya nemi izininsa, ya kira Tanimu, ya nuna motar, ya nuna fallayen sanholo uku da suka rage a gareji, ya ce, "Kai. Gyara. Da kyau."

Tanimu ya ce, "To."

Tanimu, kai ne mutumin da ya ce "to" ga baƙon da ya san ba zai sake gani ba, ba shaida, ba rantsuwa, ka kuma ɗauki kalmar nan ka ɗora wa kanka kamar an ɗaura ta a gaban alƙali. A garin da ake cewa "gobe in Allah ya so" alhali ba a nufin gobe, wannan kaɗai ya isa a ce ka fita daban.

A lokacin ruwa ya ci Tungar Maƙera. Yayan Tanimu, Sallau, wanda ke fataucin albasa, ya kwashe iyalin gidan duka ya kawo su Yelwa. Mazan da suka yi aikin madatsa kowa ya dawo da abin nunawa, wani keke, wani rediyo, wani kwanon rufi. Tanimu ya dawo a bayan babbar mota, zaune kusa da murjajjen ƙarfe. Sallau ya zagaya abin sau ɗaya, hannu a baya.

"Tanimu, mi ne wanga?"

"Mota ce, Yaya."

"Tana tahiya?"

"Za ta tahi."

"Buhu nawa taka ɗauka?"

"Ba ta ɗaukar buhu."

"To jakin Inna ya fi ta. Shi ko ya mutu a samu fata."

Wannan hukuncin na Sallau shi garin ya riƙe. Mu nan abin da bai ɗauki buhu ba, bai ja taru ba, ba ya shiga tukunya, to wasa ne. Ba wanda ya tsaya ya lura cewa hannun da ya ƙi yin ha'inci a kan motar da ba mai dubawa, shi ne hannun da ke ɗaura farfelar jirgin da ke kai 'ya'yanmu ƙetaren ruwa. Masu jirage sun san farfelar da Tanimu ya miƙe ba ta girgiza. Direbobi sun san in ya ce birki ya yi, to ya yi. Amma ba wanda ya taɓa tambayar inda wannan hali yake samun abincinsa.

Tanimu ya fara aikin motar ta kan injin. Ya kwance shi kaf, ya jera sassan a kan tabarma yadda suka fito, ya wanke kowanne da kananzir. Abin da ya lalace ya ƙera madadinsa, wanda bai iya ƙerawa ba ya yi ta aike Kaduna da Ibadan a hannun direbobi, wani lokaci a kawo masa abin da bai ko yi kama ba. Kafireto biyu ne da injin, masu haɗa masa fetur da iska, kuma dole su ja iska daidai da juna. Sai a ga maƙerin ya sa bakin tiyo a kunne, ɗaya bakin a kan kafireto, yana sauraro kamar mai duba majinyaci, ya juya noti kaɗan, ya koma ɗayan. Masu wucewa su ce Tanimu na hira da aljanar motarsa. Da suka leƙa suka ga sitiyari a hagu, suka ce ai ma a baibai aka haife ta. Bayan 'yan shekaru gwamnati ta mayar da tuƙin ƙasar nan duka hannun dama, motocinsu suka zama su ne a baibai. Ko ɗaya bai zo ya janye maganarsa ba.

Injin ya tashi. Saura jiki, kuma a nan wahalar take.

Yana bukatar siffar kafaɗar hagu a itace, irin wadda Aldo ya zana masa. A ƙasar nan wa ya san fitar da lanƙwasa a itace in ba masassaƙin jirgi ba? Ya aika Wara aka kira tsohon abokinsa Ishaya, wanda rabin kwale-kwalen da ke yankin daga gizagonsa suka fito. Ishaya ya zo, ya shafa kafaɗar dama da ta tsira, ya shafa, ya rufe ido ya sake shafawa, ya koma gida. Da damina ta wuce ya dawo da gungumen maɗaci a jirgi, an sassaƙe shi sumul. Tanimu ya duba, ya kai shi gefen hagu, ya juya shi, ya sake juyawa.

"Ishaya, ai ta dama ka sassaƙo."

"Ka ce in yi irin wagga, na yi irin wagga."

"Ta hagu ce ta mutu."

"Maƙeri, ni tun da nike ban taɓa sassaƙa abin da ke da hagu da dama ba. Jirgi duk gefen da ka bi ɗaya ne. Mutanen da ba su iya yin gefe biyu iri ɗaya ba su ne kaka yabo?"

Ishaya ya ba da wannan labarin da bakinsa, yana dariya. Ya ce abin da ya ba shi haushi shi ne Tanimu bai yi faɗa ba, ya dai sa aka kawo masa abinci, ya zauna yana kallonsa har kunya ta sa ya koma daji neman wani maɗacin.

Shi ma Tanimu ya yi nasa kuskuren. Ran da ya zo tausasa fallen farko, sabulun da ke gidan ya aika aka kawo, sabulun salo. Aldo ya nuna masa a janye wuta in sabulu ya yi baƙi. To sabulun salo da baƙinsa aka haife shi. Tanimu na jiran alama, yana jira, sai tsakiyar fallen ya zube ƙasa kamar kitse. Saura biyu: ɗaya na kafaɗa, ɗaya na murfin inji. Babu na uku, babu kuma inda za a samo a ƙasar Yauri.

Daga nan ya shiga bugu da tsoron Allah. Ya fafe kututturen kirya kamar turmi marar zurfi, ya ɗora falle, ya buga da gudumar itace, ya ɗauka ya gwada a kan sassaƙar Ishaya, ya dawo ya buga. In rana ta yi sanyi ya rufe. Wani mai gyaran jikin mota da ya zo daga birni ya ba shi shawara ya bar wahalar nan, ya samo kowane irin ƙarfe ya lanƙwasa, ya cike ramukan da ƙullin nan da ake shafawa a bi da fenti, ba mai ganewa. Tanimu ya ce, "Ni zan gane." Ya ci gaba da bugunsa.

Ba za a ɓoye ba, mutumin nan yana da taurin kan da ke gajiyar da na kusa da shi. Ɗakin Mairo ya yi damina biyu yana yoyo, mijinta maƙeri, kwanon da zai liƙe cikin yini ɗaya. In ta yi magana ya ce, "In na gama wanga gefen." Gefen kuwa ba ya ƙarewa. Wanda zai yaba wa Tanimu ya fara yaba wa matar nan.

A ƙarshe dai kafaɗa da murfi suka fito. Ya rataye su a bangon rumfa, farare tas, ba fenti, yana jiran ya gama gyaran ƙashin da za su hau. A daidai lokacin aka sa ranar auren 'yarsa Aminatu da Zaidu, wani direban jirgin fito, auren da kowa ke murna da shi. A shekarun nan ne tukwanen sanholo na zubi suka shigo, ɗakin amarya kuma da su ake auna shi. Mata su shiga, su ƙirga da ido, su fito su ba da labari a bakin rijiya. Mairo ta yi wa Tanimu maganar tukwane, ya ce in ya dawo daga Shanga, inda aka kira shi tayar da injin wani jirgi. Aikin ya riƙe shi fiye da yadda ya zata. Biki ya matso, ɗaki ba tukunya.

Sallau ne babba a gidan, shi ne kuma waliyyin yarinyar. Kunyar a kansa za ta sauka. Mai zubin tukwane na bakin kasuwa kuwa ya daɗe yana haɗiyar miyau in ya wuce rumfar. Sallau ya yi lissafinsa irin na mai hankali: farin ƙarfe dai farin ƙarfe ne, ga shi rataye ba ya aikin komai, ƙanensa maƙeri ne, in ya dawo ya buga wani. A ganinsa ba sata ba ce. Kayan ƙane a gidan wa, don fitar da 'yar gidan kunya, wa zai kira wannan sata? Ya sauke su daga bango ya kai. Mai tukwane ya sa gatari ya daddatsa, ya zuba a wuta.

Tanimu ya dawo da rana tsaka. Ya fara biyawa rumfa kamar yadda ya saba, ya tarar da ƙusoshi a bango ba komai a kansu. Ya shiga gida. Mata sun cika tsakar gida, ga sababbin tukwane an jera a kan tabarma suna ƙyalli. Ya sunkuya ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa da farce.

Sallau ya fito daga ɗaki yana gyara hula. "Ka dawo? To ga kayan ɗiyarka nan. Na fid da mu kunya."

"Yaya, da ka tambaye ni."

"Da na tambaye ka mi za ka ce?"

"A'a."

"To shi ya sa ban tambaya ba."

Tanimu ya ajiye tukunyar a hankali inda ya ɗauke ta, ya fita. Washegari Sallau, da ya ga fuskar ƙanensa ba irin wadda ya sani ba ce, ya same shi a rumfa ya ce in abin ya kai haka, a kwaso tukwanen a sake narkewa a mayar masa da ƙarfensa.

"Yaya, tuwo na komawa dawa? Ƙarfen da anka zuba ba ya buguwa. Guduma ɗaya ya tsage."

Aminatu ta zo da lulluɓinta ta durƙusa bakin rumfa tana kuka. "Baba, wallahi ban san daga inda sunka fito ba."

Ya ce, "Tashi. Naki ne. Ki dafa wa mijinki da su. Ba a taɓa kai amarya da ƙarfe mai kyan wanga ba a ƙasar Yauri."

Kai ne ka zauna a wurin ɗaurin auren nan ka karɓi gaisuwa, ka raba goro, ba wanda ya ji kalma ɗaya mai ɗaci daga bakinka, alhali aikin shekarunka na bisa murhu ana dafa shinkafar biki a ciki. Garin kuma me ya yi? Dariya. Aka mayar da abin wasan kasuwa: "Mun ci tuwon Italiya." Manya da furfura suna faɗa suna tafa hannu. Da wani ya ƙona wa ɗayansu rumbu da ya yi shekara yana cikawa, da har gaban hakimi sai an je. Amma da yake wahalar Tanimu ba ta da sunan da suka sani, sai ta zama abin nishaɗi.

Tanimu ya rufe motar da tamfol. Bayan la'asar sai a gan shi zaune bakin rumfa, hannu a kan gwiwa. A lokacin ne kuma aka fara lura hannun na ɗan karkarwa in ya ɗauki moɗa. Shi ya san abin da wannan ke nufi: ko da ƙarfe ya faɗo daga sama, kwanakin bugunsa ƙidayayyu ne. Tsakaninsa da Sallau gaisuwa ce kawai, ita ma a taƙaice. Gida ɗaya, ƙofa ɗaya, akushi ya rabu biyu.

Sallau bai iya ba da haƙuri ba, bai taɓa koya ba. Abin da ya yi shi ne ya shiga tambayar direbobi a tasha, a fakaice, wai ina ake samun irin farin ƙarfen nan a falle. Wani ya gaya masa jikin Landiroba da shi ake yi. Wani kuma ya ce akwai wata da ta mutu a daji bayan Shanga tun zamanin masu awon ƙasa, kaji na kwana a ciki. Sallau ya bar albasarsa ya tafi. Ya nemi izinin mai garin, ya sa aka kwance rufin da gefunan, aka ɗora a jirgi aka gangaro da su Yelwa. Daga mashaya zuwa rumfa ya ƙi bari kowa ya ɗauka masa. Dattijo ya haura sittin, rufin mota a ka, ya ratsa tsakiyar kasuwar kifi, mata na tambayarsa ko wani auren za a yi. Ya zo ya sauke a gaban ƙanensa.

"Ga shi nan. In bai yi ba a kai wa mai tukwane."

Tanimu ya dubi rufin. Sannan ya tashi, ya kankare fentin da wuƙa, ya lanƙwasa kusurwa da yatsa.

"Ƙarfen Ingila ne."

"Ni ban tambayi ƙabilarshi ba."

"Ya fi wancan taurin kai."

"To kun dace."

Bugun na biyu ya fi na farko wuya. Ƙarfen na gardama, hannun na gardama. Tanimu ya riƙa ɗaure wuyan hannunsa da tsinken fata kafin ya ɗauki guduma, ya buga kaɗan ya huta. Falle babba kuma ba ya zama a kan kututture sai an riƙe ɗaya gefen, da can da ƙafa da gwiwa yake tallafewa, yanzu ba hali. Ba wanda ya kira Sallau. Wata la'asar dai aka gan shi ya shigo ya naɗe hannun riga ya kama gefen. Daga ranar kullum yana nan. Ba su cika magana ba, in ban da "ɗaga", "sauke", "ba haka ba, Yaya", da "to kai ka riƙe in buga mana". Mairo ta lura ta koma aiko abinci a akushi ɗaya, ba wanda ya ce mata don me.

Da aka zo fenti, Tanimu ya ɓalle wani ƙarfe daga cikin ƙofa inda rana ba ta taɓa gani ba, ya yi ta haɗa ja yana gwadawa a kansa har suka zama ɗaya. Ya shafa, ya goge, ya sake shafawa.

Ranar da aka turo ta waje, da safe ne, kasuwa na ci. Ya shiga, ya murɗa, injin ya yi tari sau biyu ya kama. Ƙarar ba irin ta babbar mota ba ce, wata irin gurnani ce mai kauri da ke tashi ta zama kuka in ya taka. Masu kifi suka bar kifi. Mutanen nan da suka ci tuwon Italiya su ne a gaba wajen ture juna don su taɓa. Kujera biyu ce a motar, ta direba da ɗaya. Wani attajirin kifi har ya fara tattara babbar rigarsa.

Tanimu ya miƙa hannu ya buɗe ɗaya ƙofar. "Yaya, shigo."

"Ni? Ina da iyali, Tanimu."

"Shigo."

Sallau ya shiga da ƙyar, gwiwoyinsa a haɓa, bakinsa na motsi da addu'a. Suka bi ta gefen kasuwa a hankali har suka hau kwaltar da ta nufi Kontagora. Daga nan abin da mutane suka gani jan abu ne ya ƙanƙance ya ɓace, ƙarar ta daɗe tana dawowa bayan ido ya rasa su.

Da suka dawo Sallau ba hula. Sai da mutum biyu suka kamo shi ya fito. Aka yanyame shi ana tambaya yaya tafiyar take.

"Ban ga komi ba. Ido na rufe tun daga gada."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya shafa murfin injin da tafin hannu, ya dubi attajirin kifin ya ce, "Wanga gefen, ni na riƙe shi."

Tanimu Maƙeri, ɗan Tungar Maƙera, mai guduma ba ha'inci, an gode. An gode da jiragen da suka kai mutane gida, da motocin da suka tsaya inda aka taka birki. An gode da ka nuna wa garin nan cewa ana iya rasa aikin shekaru a yini ɗaya a sake ɗaukar guduma, ana kuma iya yin fushi mai gaskiya ba tare da an yar da ɗan'uwa ba. Allah ya sauƙaƙa maka hannun nan, ya saka wa Mairo da alheri.

Ku kuma masu sana'a, matasa da manya, ba a ce ku nemo motar Italiya ba. Kowa na da abin da ya karɓa ya ce zai yi, ya jingine shi a bango yana jiran a manta. Ku koma ku gama shi. Masu dariya kuma, rumfar na nan bayan kasuwa, mutumin na zaune a ciki da ransa da jinsa. Ku je ku gaishe shi, hannu biyu, ba tare da kun riƙo wani abin gyara ba.